Rabi a waya, rabi a aji: yadda na ga wata cibiyar share fagen JAMB a Kaduna

Tun da cibiyoyin lesin na cikin garin Kaduna suka fara tallata tsarin da suke kira karatun haɗaka, wato ɗalibi ya yi wani sashe na karatunsa a gida ta waya, sauran kuma ya je ya zauna gaban malami, iyaye da dama suke tambaya ko abin ya cancanci kuɗinsa ko kuwa dabara ce ta rage albashin malamai da kuɗin hayar ɗaki. 'Yata ta yi share fagen jarrabawar JAMB a ɗaya daga cikin waɗannan cibiyoyi, wadda take wajajen Kawo, kuma na bi diddigin karatun nata tun daga rajista har zuwa makon jarrabawa. Ba zan ambaci sunan cibiyar ba, domin akwai laifuffukan da zan faɗa, kuma bisa ga abin da na ji daga sauran iyaye tsarinta bai bambanta da na takwarorinta sosai ba. Hukuncina shi ne tsarin ya yi amfani, amma amfaninsa bai zo daidai a kowane darasi ba. Inda malami ya zauna ya duba aikin yara ya mayar musu da gyara, an ci riba ƙwarai; inda kuwa malami ya ɗora bidiyo ya kama gabansa, data kawai aka ƙona.

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a Kaduna. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976, hedkwatarta tana nan Rigachikun a kan hanyar Zariya, kuma ta daɗe tana horar da malamai ta hanyar littattafan darasi da haɗuwar ƙarshen mako. Jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, NOUN, ita ma, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiyar karatu a garin. Sai dai ɗaliban waɗannan duka manya ne. Abin da ya saukar da tsarin zuwa kan yara shi ne rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, lokacin da aka koma darussa ta rediyo da talabijin, malamai kuma suka koyi buɗe zauren WhatsApp don dole. Daga baya, a farkon 2022, gwamnatin jiha ta mayar da makarantunta kwana huɗu a mako, iyaye suka ƙara sabawa da cewa akwai ranar da yaro yana gida amma ana sa ran karatu yake yi.

Mu a Rigasa muke zaune, kuma wannan shi ne dalilin farko da ya sa na karkata ga tsarin. Zuwa Kawo kullum yana nufin keke zuwa Bakin Ruwa, daga nan a nemi wata motar, sannan a dawo bayan magariba, abin da ban so ga yarinya budurwa ba, ko da kuɗin motar bai dame ni ba, balle ga shi ya dame ni. Cibiyar ta tsara cewa daga Litinin zuwa Alhamis karatu a gida ne, Asabar kuma kowa ya zo da safe har zuwa azahar. Kuɗin da suka nema ya kai kimanin kashi biyu cikin uku na abin da ake biya a wuraren da ake zuwa kullum. Kayan aikinsu uku ne: Google Classroom domin darussa da aikin gida, Google Meet domin darasin kai tsaye da yamma, sai zauren WhatsApp domin sanarwa da tambayoyi. Darussan da 'yata ta ɗauka su ne Turanci, wanda ya zama tilas ga kowa, da lissafi da fiziks da kemistiri.

Sashen da ya fi kowanne kyau shi ne na Google Classroom. Manhajar kyauta ce, kamfanin Google ya fito da ita a 2014, ya kuma buɗe ta a 2017 ga duk mai asusun Gmail. Ana ba ɗalibi 'yar lambar shiga aji, da zarar ya shigar da ita sai ya ga darussa a jere, kowane aiki da ranar da za a miƙa shi. Fa'idarta a kan WhatsApp ita ce abu ba ya nutsewa. Takardar da aka ɗora a makon farko tana nan ƙarƙashin babinta a mako na goma, kuma malami yana ganin wanda ya miƙa aiki, da wanda ya makara, da wanda bai taɓa ba sam. Ɗalibi yana yin lissafinsa a littafi da biro yadda ya saba, ya ɗauki hotonsa da waya, ya ɗora, malami ya buɗe ya yi gyara a kai ya dawo masa da shi tare da maki da bayanin da sauran 'yan aji ba sa gani.

Malamin fiziks shi ne ya nuna mini iyakar abin da wannan manhaja za ta iya yi a hannun mai himma. Na tuna wani aiki kan motsin abin da aka jefa sama, inda 'yata ta samu amsar ƙarshe daidai amma ya rage mata maki. Da na karɓi wayar na duba, sai na ga ya zagaye layi na uku da jan rubutu, ya rubuta a gefe cewa ta manta alamar debewa a gaban ƙarfin jan ƙasa, kuskure na biyu da ta yi a ƙasa ne ya soke na farko har amsar ta fito daidai, kuma a ɗakin jarrabawa ba kullum ake yin irin wannan sa'a ba. Ya ƙara mata tambayoyi biyu masu kama da ita, ya ce ta miƙo kafin Alhamis. A ajin da ɗalibai suka cika maƙil, wuya ne malami ya samu sukunin bin layin yaro ɗaya-ɗaya haka. Malamar lissafi ma kusan haka take, sai dai gyaranta yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Malamin Turanci kuwa ya cika shafinsa da bidiyoyin da wasu suka yi suka ɗora a YouTube, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, amma aikin da yara suka miƙa yakan zauna makonni ba a buɗe shi ba. Manhaja ɗaya, waya ɗaya, kuɗi ɗaya, amma tamkar cibiyoyi biyu daban yarinyar take halarta.

Akwai wani abu da ya kamata iyaye su tambaya kafin su biya, wato wane irin asusu cibiyar take amfani da shi. Google yana da tsari na musamman domin makarantu, wanda a cikinsa makaranta ce take buɗe wa kowane ɗalibi asusu, kuma ana iya aika wa uba ko uwa taƙaitaccen rahoto ta imel kan aikin da yaro ya yi da wanda ya bari. Wannan cibiya da asusun Gmail na kowa da kowa take aiki, saboda haka babu wannan rahoto, kuma hanya ɗaya da nake sanin halin da ake ciki ita ce in karɓi wayar in duba da kaina. Irin wannan asusu yana da gurbin ajiya na gigabait 15 ne, wanda imel da hotuna da takardun makaranta duka suke rabawa, don haka yaron da ya cika nasa da hotunan biki zai iya wayar gari ya kasa ɗora aiki. Da na yi wa shugaban cibiyar maganar rahoton iyaye, ya saurare ni da ladabi, ya ce suna dubawa, kuma har aka gama zangon ana dubawa.

Darasin kai tsaye shi ne abin da suka fi yi wa talla, kuma shi ne ya fi ba ni takaici. An sa shi bayan sallar isha'i, lokacin da sabis ya fi nauyi a unguwarmu, kuma sau da yawa a daidai lokacin babu wuta. Google Meet na kyauta yana yanke taron mutum uku ko fiye idan ya cika minti 60, kuma ba ya ba da damar naɗar darasi, abin da cibiyar ta sani sarai amma ba ta yi masa tanadi ba. Minti goma na farko yana tafiya wajen "kuna ji na?" da roƙon wani ya kashe makirfonsa saboda kukan jariri ko ƙarar janareto, daga nan malami ya fara, muryarsa tana yankewa, wanda sabis ya fitar da shi kuma ya rasa abin da ya wuce har abada. Ga tsada. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, sa'a guda ta bidiyo ba ƙaramin abu ba ce ga mai albashi, kuma na lura tana cin data fiye da abin da takardu da saƙonnin murya na mako guda suke ci.

Malamin kemistiri ya gane haka da wuri, sai ya sauya salo ba tare da ya jira umarnin kowa ba. Yakan rubuta darasi a takarda da hannunsa, ya ɗauki hoto, ya haɗa da saƙon murya na 'yan mintoci yana bin layi-layi, yana yi da Turanci yana saka Hausa inda ya san za a cije. 'Yata takan sauke su da asuba lokacin da sabis yake da sauƙi, ta saurara tana wanke-wanke, ta sake saurara da littafi a gabanta. A ganina wannan ita ce hanyar da ta dace da Kaduna, domin abin da aka sauke ya zama na ɗalibi ko da wuta ko babu, ko da sabis ko babu. Mutanen jihar nan ba su manta ba cewa a ƙarshen 2021 an katse layukan sadarwa a wasu sassanta na kusan wata biyu saboda matsalar tsaro, kuma duk tsarin karatun da ya dogara kacokan ga haɗuwa kai tsaye zai tsaya cik a irin wannan yanayi.

Sai zauren WhatsApp, wanda ya haɗa alheri da ɓarna a wuri guda. Alherinsa shi ne yara suna koya wa juna. Na sha ganin ɗalibi ya ɗora hoton tambayar da ta gagare shi, kafin malami ya leƙo wata ɗaliba ta warware masa ita da Hausa mai sauƙi, wani kuma ya kawo gajeriyar hanya. Akwai yaran da ba sa iya ɗaga hannu a aji saboda kunya amma a rubuce suna da baki, kuma 'yata tana cikinsu. Wannan ita ce fa'idar dandalin sada zumunta a harkar ilimi, kuma ba na raina ta.

Ɓarnar ta samo asali ne daga sakacin masu kula da zauren. Sun zuba dukkan ɗalibai, maza da mata, da malamai da wasu iyaye a zaure ɗaya, suka bar kowa ya rubuta abin da ya ga dama a kowane lokaci. Da yamma zauren yakan koma kamar Kasuwar Barci a jajibirin sallah: ga gaisuwar Juma'a, ga tallar turare da atamfa, ga gardamar ƙwallo, ga labaran da ba a san tushensu ba, sanarwar sauya lokacin darasi kuma tana can ta nutse a tsakiya. Abin da ya fi wannan muni shi ne a zauren WhatsApp kowane mamba yana ganin lambar wayar kowa. Ba a daɗe ba 'yata ta zo ta same ni ta ce, "Baba, akwai wata lamba da take ta turo mini saƙo da dare, kuma daga zauren lesin aka ɗauke ta." Mun toshe lambar, na kuma kai ƙara, aka fitar da yaron, amma daga baya na ji ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Ana gab da jarrabawa kuma wani ya shigo ta hanyar mahaɗin gayyata, wato link ɗin shiga zauren, da aka bari yana yawo, ya yi ta tallar cewa zai iya samo tambayoyi ko ya ƙara wa ɗalibi maki idan aka tura masa kuɗi da lambar rajista, alhali hukumar JAMB ta sha gargaɗin cewa masu irin wannan iƙirari 'yan damfara ne. Saƙon nasa ya kwana a zauren kafin a goge shi.

Abin haushin shi ne maganin duk wannan yana cikin manhajar kanta, kuma ba a biyan ko kwabo. Ana iya kulle zaure ya zama masu kula da shi kaɗai ke rubutu, ana iya sa sai an amince da mutum kafin ya shiga, ana iya sabunta mahaɗin gayyata tsohon ya mutu. Tun a 2022 WhatsApp ya fito da tsarin da ake tara zauruka da yawa ƙarƙashin inuwa guda, da sashen sanarwa inda mambobi ba sa ganin lambobin waɗanda ba zaure ɗaya suke ba. Da cibiyar ta yi zauren sanarwa guda, sannan ƙananan zauruka na kowane darasi da malami a ciki, na mata daban idan iyaye sun so haka, da an samu alherin ba tare da ɓarnar ba. Wanda ya karɓi amanar 'ya'yan mutane ya tara su a intanet, wajibinsa ne ya san waɗannan abubuwa kamar yadda ya san kulle ƙofar makaranta.

Ranar Asabar ita ce ginshiƙin tsarin, ko da yake a takardar talla an sa ta a ƙarshe. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kwamfuta ake yin ta, kuma a shekarar da 'yata ta zauna ta tambaya 180 ce cikin sa'a biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, wato daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya idan aka raba daidai. Yaron da bai saba da komai ba sai shafa fuskar waya da yatsa yana iya ɓata mintoci masu tsada yana laluben linzami da madannai. Cibiyar tana da ɗakin kwamfuta, inda ake sa yara su yi gwaji da agogo yana tafiya, su saba da danna A, B, C ko D domin zaɓar amsa, N domin wucewa gaba, P domin komawa baya, su kuma saba da kalkuletar da take kan allo. Kwamfutocin tsofaffi ne, ba su kai yawan yaran ba, sai an yi layi kashi-kashi, ɗakin kuma da zafi idan janareto ya ƙi ɗaukar fankoki. Duk da haka ban ga abin da zai maye gurbin wannan zama ba.

A nan ne kuma gaskiyar makin gida take fitowa. Gwajin mako-mako da ake yi a waya ta Google Forms ake shirya shi, manhajar ce take yin maki da kanta nan take, kuma kusan kowa yana cin maki mai yawa. Da na yaba wa malamin fiziks kan haka wata Asabar da na je ɗaukar yarinyar, sai ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, makin gida ba na sa shi a lissafi. Wayar da take kawo tambaya ita ce take kawo amsa, wani ma abokinsa ne ya turo masa. Wanda aka yi a gabana shi ne nawa." Ya nuna mini rajistarsa, inda ya jera makin gida da na Asabar gefe da gefe, kuma duk yaron da tazarar ta yi yawa a wurinsa yakan kira shi gaban allo ya warware tambaya ɗaya. Tunda yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke warware tambaya daga hoto kawai, duk cibiyar da take nuna wa iyaye makin gida a matsayin shaidar ci gaba tana yaudarar su ne, ko da ba da niyya ba. Sakamakon 'yata da ya fito ya bi sahun abin da na gani: fiziks da kemistiri suka ɗaga ta, lissafi ya zo tsaka-tsaki, Turanci ya ja ta baya.

Game da kuɗi, rangwamen da ake gani a takarda ba duka ne yake shiga aljihu ba. Sai an haɗa da data, da fawa-banki, da buga wasu takardu a shago domin karanta doguwar takarda a ƙaramar waya yana gajiyar da ido, uwa uba kuma wayar kanta. Yaron da yake aron wayar mahaifiyarsa ba zai ji daɗin tsarin ba, domin wayar tana kasuwa ko gidan biki a lokacin da ake bukatarta. Da na lissafa komai, na ga abin da na tsira da shi shi ne kuɗin mota da kwanciyar hankalin cewa yarinyar tana gida kafin duhu, kuma a wurina wannan ya isa. Tsarin ya dace da ɗalibin da ya gama sakandare ko yake ajin ƙarshe, mai wayar kansa, wanda zai iya zama da littafi ba tare da an tsaya a kansa ba. Wanda kuwa sai da tsawa yake karatu, waya a hannunsa da sunan lesin ƙofa ce aka buɗe masa zuwa TikTok. Iyalin da ba su da halin biya za su iya farawa da Nigeria Learning Passport, dandalin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, wanda darussansa na firamare da sakandare kyauta ne, sai dai a can babu malamin da zai zagaye wa yaro layi na uku.

Duk wanda zai yi rajista a irin wannan cibiya, ina ba shi shawara kada ya tsaya ga takardar talla ko yawan bidiyon da aka ce an tanada. Ya nemi a buɗe masa shafin kowane darasi ya ga aikin da aka gyara a makon da ya wuce da kwanan watan da aka mayar da shi, ya tambayi wa yake kula da zauren WhatsApp da kuma wa yake iya shiga, ya leƙa ɗakin kwamfuta ranar Asabar ya ƙirga kujeru da kansa. Ya kuma nemi alkawarin cewa idan zango ya ƙare za a adana ajin ne ba goge shi ba, domin a Google Classroom ajin da aka adana ɗalibi yana iya ci gaba da buɗe darussansa ko da ba zai iya miƙa sabon aiki ba, kuma wanda zai zauna jarrabawar tantancewa ta jami'a bayan JAMB zai bukaci waɗannan takardu.